Kwalin haɗa ruwan sigarin lantarki: sikelin ya ci kuɗinsa, sauran sai a hankali

Wanda zai sayi kwalin nan na masu koyon haɗa ruwan sigarin lantarki ya sani tun farko, abu ɗaya ne a ciki ya ci kuɗinsa, wato ɗan ƙaramin sikelin. Sauran tarkacen wasu na da amfani, wasu kuwa an zuba su ne don kwali ya yi nauyi.

A Mancesta nake zaune. Na daɗe ina busa taba, tun ina saurayi a Zariya, kuma sigarin lantarki ne ya raba ni da ita bayan na gwada cingam da filastar nikotin sun ƙi ni. Da gwamnatin Birtaniya ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar, daga 1 ga Yunin 2025, sai na koma mai tanki, wanda ake ɗura wa ruwa. Nan ne aljihu ya fara kuka. Dokar ƙasar tun 2016 ta ce duk ruwan da ke da nikotin kada kwalbarsa ta wuce mililita 10, ƙarfinsa kada ya haura miligiram 20 a kowace mililita, tanki kuma mililita 2. Kwalbar mililita 10 kuwa kafin ka ce kwabo ta ƙare. Shi ya sa na shiga wani shago a unguwar Cheetham Hill na sayo kwalin.

Ban da sikelin, a ciki akwai gorar PG da gorar VG, wato sinadarai biyu masu ruwa-ruwa waɗanda su ne gindin ruwan, da kayan ƙamshi kala uku, da sirinji marasa allura, da kwalabe fanko masu murfin da yaro ba ya iya buɗewa, da safar hannu, da wata 'yar takardar bayani. Nikotin daban ake saya, a ƙananan kwalabe masu ƙarfin miligiram 18 a kowace mililita.

Sikelin yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, kuma yana da maɓallin da ke mayar da lissafi sifili bayan ka ɗora kwalba. Amfaninsa ba ya fitowa sai ka fara kokawa da VG. Shi VG gilisirin ne da ake samu daga man tsirrai, kauri gare shi kamar zuma a lokacin hunturu, ka ja shi da sirinji sai yatsa ya yi tsami, rabi ya maƙale a jikin robar, ga kumfar iska tana ɓata maka awo. Da sikeli kuwa sai dai ka ɗora kwalba, ka danna sifili, ka tsiyaya kai tsaye daga gora kana kallon lamba. Abin da za ka riƙe kawai shi ne mililita ɗaya ba giram ɗaya ba ce. VG ya fi ruwa nauyi, mililita ɗaya tana kai giram 1.26, PG kuma wajen 1.04. Takardar cikin kwalin ba ta ko ambaci wannan ba, kuma a ganina wannan babban sakaci ne, don wanda ya ɗauka giram da mililita ɗaya suke zai fito da ruwan da nikotin ɗinsa ya fi abin da ya nufa ƙarfi. Aibin sikelin guda ne: yana kashe kansa idan ka ɗan dakata. Kana cikin ɗiga ƙamshi a hankali sai ka ga fuskarsa ta yi baƙi, lissafi ya tafi. Dabarar ita ce ka buɗe duk gorunan ka jera su kafin ka kunna shi, kana rubuta kowace lamba a takarda.

Lissafin nikotin ba wuya gare shi ba. Kwalba ɗaya ta mililita 10 mai ƙarfin 18 tana ɗauke da miligiram 180. Ka zuba ta cikin haɗin da jimillarsa mililita 60 ne, kowace mililita ta tashi da miligiram 3. Ka zuba rabinta a haɗi mai wannan yawa, ka sauko 1.5. A nan ne na ga ainihin amfanin haɗawa da kanka, wanda ya fi rahusar ma: a shago matakan ƙarfi a ƙayyade suke, daga 3 sai sifili, kuma tsallen nan ne ke mayar da mutane da yawa gidan jiya. A gida kana iya sauka sannu-sannu, 3 zuwa 2, 2 zuwa 1.5, jiki bai ankara ba. Ni yanzu a 2 nake, kuma burina in wayi gari ban buƙaci komai ba.

Batun rabon PG da VG ya danganta da na'urarka. PG tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ƙamshi, shi ke ba da ɗan kartar maƙogwaron nan da tsohon mashayin taba ke nema. VG shi ke kawo hayaƙi mai yawa da laushi. Ƙananan na'urori irin tawa rabi da rabi suke so, don idan ruwa ya yi kauri audugar ciki ba ta jiƙa da sauri, sai ka ja ka ji ƙauri. Manya masu fitar da gajimare su ne ke son kashi 70 na VG.

Kayan ƙamshin ne suka ba ni kunya. Na mangwaron ba shi da alaƙa da mangwaron da na sani, ƙamshin alewar yara ne kawai. Na na'ana'a ya yi, kuma ana iya shansa ranar da aka haɗa. Na tabar kuwa a makon farko wani irin wari yake kamar jiƙaƙƙen kwali, sai da na ajiye shi a duhu ya tsumu, ina girgiza shi lokaci-lokaci, bayan makonni ya yi ja-ja ya daidaita. Takardar ta ce a zuba ƙamshi kashi 20 cikin ɗari. Ya yi yawa. Ka fara da ƙasa da 10 a 'yar kwalba, in bai ishe ka ba ka ƙara, don ƙari yana yiwuwa, ragi ba ya yiwuwa. Akwai kuma abin zaƙi da mai shagon ya so ya haɗa ni da shi. Kada ka karɓa, sukuralos ne, yana ƙonewa ya daskare a kan wayar da ke dumama ruwan, kwana kaɗan ta yi baƙi ƙirin sai ka sayi sabuwa.

Mai shagon dattijo ne mai fara'a, kuma na yaba masa abu biyu. Ya nemi katin shaida daga wani yaro da ya shigo bayana, da yaron ya fara kame-kame ya nuna masa ƙofa, don doka ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Sannan da na tambaye shi ko yana da nikotin mai ƙarfi irin wanda ake sayarwa a Amurka, mai miligiram 100, sai ya girgiza kai ya ce ko doka ta yarda ba zai ba ɗan koyo ba. Gaskiyarsa. Nikotin guba ne, yana shiga jiki ta fata, kuma mai ƙarfin nan ɗan kaɗan ya isa ya jefa babba cikin amai da jiri da bugun zuciya, balle yaro. Inda mai shagon ya gaza shi ne bai ce min komai game da ajiya ba, kuma safar hannun da ke cikin kwalin guda biyu ce tak, siririya, ta yage a sawar farko. Sai da na sayo kwalin safar roba a kantin magani.

Maganar ajiya ba wasa ba ce ga mai iyali. Ruwan nan ƙamshin alewa yake, launinsa na lemo, ga kwalba 'yar ƙarama daidai hannun yaro. Uwargida ta kafa min sharaɗi tun ranar farko, ta ce: “Baban Amira, ko ɗigo kada in gani a kicin ɗina, balle cikin firji.” Ban yi musu ba. Akwatin ƙarfe na samu mai kwaɗo, yana saman durowa, kowace kwalba da rubutu a jikinta: ƙarfi, ƙamshi, da ranar haɗawa. Ba na buɗe shi sai yara sun yi barci, taga a buɗe. In ya zuba a fata a wanke da ruwa da sabulu nan take, in yaro ya haɗiya kuwa asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar a nuna wa likita.

Wani ƙanena a gida da ya ji labari ya ce ai shi ma zai haɗa, gilisirin na nan a kemis, ƙamshi kuma wurin masu kayan kek. Na ce masa kul. Gilisirin ɗin da mata ke shafawa lokacin hunturu sau da yawa an gauraya shi da turare ko ruwan wardi, na fata ne. Ƙamshin kek kuma wasu da mai ake yin su, wasu da sukari da kala, kuma mai in ya shiga huhu ciwo yake haifarwa. Abin da ya faru a Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020 ya isa izina: mutane sama da 2,800 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ɗora mafi yawan laifin kan wani sinadari mai maiƙo na bitamin E da ake kaurara ruwan wiwi na bayan fage da shi. Abin da ciki ke karɓa ba lalle huhu ya karɓa ba. Ko cikin ƙamshin da aka yi don wannan aiki, akwai dayasetil mai ba da ɗanɗanon bota, wanda Birtaniya ta hana sawa a ruwan sigarin lantarki mai nikotin saboda an danganta shi da ciwon huhun ma'aikatan masana'antar gugguru. Ka duba jikin kwalba kafin ka saya.

To, wa zan ce ya sayi kwalin? Wanda ya riga ya bar taba, yana kan sigarin lantarki, yana son ya riƙa rage nikotin da hannunsa, kuma yana da haƙurin awo da rubutu. Shi ma da zai ji tawa, sikelin zai saya shi kaɗai, ya zaɓi PG da VG da ƙamshinsa daban, ya tsira da kuɗin sirinji da mangwaron bogi. Wanda bai taɓa shan taba ba kuwa ba shi da abin nema a nan. Hukumar lafiya ta NHS da kanta cewa take sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa nesa ba kusa ba, amma ba lafiya lau yake ba, kuma ba a san ƙarshen tasirinsa na shekaru masu yawa ba tukuna. Mai neman rahusa kaɗai shi ma ya sake lissafi, don a kasafin kuɗin Oktoban 2024 gwamnati ta sanar da harajin fam 2.20 kan kowace mililita 10 ta ruwan, da nikotin ko babu, daga 1 ga Oktoban 2026.