CAN ko RS485: wanne za a jona tsakanin batir da inbata?

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce ka sayo batir ɗin litiyom mai bolt 51.2 da inbata, a jikin kowanne akwai rami biyu irin na kebul ɗin intanet, ɗaya an rubuta CAN ɗaya an rubuta RS485, kuma ka matse kebul ka jona amma inbata ta ƙi ganin batir. Kana so ka san bambancinsu da wanda ya fi. To bari in ɗan yi tsawo, don amsar "wanne ya fi" ba za ta gyara maka aikin ba sai ka gane inda kowace ƙa'ida ta tsaya.

RS485 shi ne babba a shekaru. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ita ta fitar da shi a 1983, yanzu yana hannun TIA shi ya sa za ka ga wasu takardu na rubuta TIA-485. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan ƙa'ida maganar wuta kawai ta yi. Ta ce waya biyu ne, A da B, a murɗe su tare, mai karɓa ba ya kallon bolt ɗin waya ɗaya, bambancin da ke tsakanin biyun yake kallo, in ya kai milibolt 200 ta nan ko ta can ya karanta 1 ko 0. Shi ya sa hayaniyar wuta ba ta cika damunsa ba, don duk abin da ya hau A ya hau B, in an cire wannan daga wancan ya tafi. Ta ce layi ɗaya zai ɗauki na'ura 32 na asali, kuma a aikace ana kai shi wajen mita 1200 in ba a matsa gudu ba. Shi ke nan fa. Ba ta faɗi irin kan kebul ba, ba ta faɗi wane fil ne A a kan RJ45, wato kan nan irin na kebul ɗin intanet, ba, ba ta ce ga yadda saƙo zai fara ga yadda zai ƙare ba, balle ta ce ga wanda zai fara magana.

Wannan giɓin ne Modbus ya cike. Kamfanin Modicon ya ƙirƙiro shi a 1979 don na'urorinsa na sarrafa injinan masana'anta, daga baya kamfanin ya koma hannun Schneider Electric, a 2004 kuma aka miƙa Modbus ɗin ga wata ƙungiya mai zaman kanta, takardunsa kyauta ne kowa na iya saukewa. A Modbus RTU na'ura ɗaya ce mai tambaya, sauran duk masu amsa ne, kowacce da lambarta daga 1 zuwa 247, kuma babu wadda za ta ce uffan sai an kira lambarta. Sai dai ka lura, ba duk abin da ke tafiya a kan RS485 ba ne Modbus, akwai masu yin batir da suke da nasu tsarin saƙon daban a kan waɗannan wayoyi biyun, to ka ga tun daga nan "yana da RS485" bai gaya maka komai ba.

CAN kuma ɗan gidan mota ne. Bosch na Jamus suka fara aikinsa a 1983, suka bayyana shi a 1986 a taron injiniyoyin mota na SAE a Ditroit, Intel ya fitar da guntun lantarki (chip) na farko a 1987, Philips ya biyo baya, kuma Marsandi W140 ta 1991 ita ake ambata a matsayin motar kasuwa da ta fara amfani da shi sosai. A 1991 ɗin ne aka fitar da CAN 2.0, a 1993 ya zama ISO 11898. Duk bakanike mai na'urar duba mota ya taɓa shi ko bai san sunansa ba, don fil na 6 da na 14 a ramin OBD na ƙarƙashin sitiyari su ne CAN-H da CAN-L, wato wayoyin CAN biyu, H da L.

Shi ma waya biyu ne a murɗe, shi ma bambanci ake kallo, amma ƙa'idarsa ta wuce maganar wuta, ta shiga har cikin yadda ake gina saƙo da yadda ake raba layi da yadda ake kama kuskure, kuma duk guntun ne ke yi da kansa ba mai rubuta manhaja ba. A nan ne na fi so ka tsaya. Modbus kamar aji ne da malami ke kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ko ɗalibi ya ga wuta ta kama sai ya jira a zo kansa, CAN kuwa zaman majalisar unguwa ne, kowa na iya buɗe baki in wuri ya yi shiru, amma in biyu suka fara tare ƙarami ya ja bakinsa babba ya ƙarasa. Yadda ake yin wannan a waya abin sha'awa ne wallahi. In layi yana hutawa H da L duk suna wajen bolt 2.5, wannan shi ne 1. In wata na'ura ta tura 0 sai H ya hau kusan 3.5, L ya sauka kusan 1.5, kuma 0 kullum yana danne 1. Kowane saƙo yana farawa da lambar shaida mai bit 11, ko 29 a dogon tsari, kuma mai turawa yana sauraron layi a daidai lokacin da yake turawa. Ɗauki misali daga tsarin da batura da yawa ke bi: batir zai tura saƙo mai lambar shaida 0x351, inbata za ta tura mai 0x305 (0x ɗin alama ce cewa a lissafin kwamfuta aka rubuta lambar), sun fara tare. Bit huɗu na farko iri ɗaya ne, 0110, a na biyar batir ya saka 1, inbata ta saka 0, batir ya ji 0 a layi alhali shi 1 ya tura, nan take ya san an fi shi, ya yi shiru ya jira, saƙon inbata ya wuce ko ƙwarzane babu, daga ya ƙare batir ya sake turo nasa. Ba a yi asarar komai ba, kuma ka ga a nan mai ƙaramar lamba shi ne babba. A RS485 in biyu suka yi magana tare saƙon duka biyun ya lalace, misali in ka ba batir biyu lamba ɗaya a ƙananan makunnan saita lamba da ke gaban batir, za ka ga bayanai na zuwa suna ɗaukewa ka rasa dalili.

Sannan CAN yana da wani hali da nake so, kowace na'ura tana ƙirga kuskurenta, in ta cika ɓata saƙo har ƙirgen ya haura 255 sai ta cire kanta daga layi don kar ta hana sauran aiki. Modbus yana da CRC, wato lambar tantance saƙo, na bit 16 a ƙarshen saƙo, yana gane saƙon da ya lalace, amma abin da zai yi kawai shi ne ya watsar, mai tambaya ya jira lokaci ya cika ya sake tambaya.

Inda RS485 ya yi wa CAN fintinkau shi ne nisa da arha da yawan kaya. CAN na asali bayit 8 kawai yake ɗauka a saƙo guda, Modbus yana kai 256 duka da kai da jela. An fito da CAN FD a 2012 mai ɗaukar 64 amma ba shi ne a yawancin batura na gida ba. Kuma saboda wancan sauraron juna da na faɗa, dole bit ya je ƙarshen waya ya dawo kafin a wuce na gaba, don haka gudu da nisa suna ja-in-ja: megabit 1 a daƙiƙa bai wuce mita 40, kilobit 500 wajen mita 100, in kana son mita 500 sai ka sauko 125. Batir da inbata galibi kilobit 500 suke yi kuma tsakaninsu mita biyu ne ko uku, ba matsala. Amma in mitocin wuta ne jere a shaguna ko famfon sola a can ƙarshen gona kana son karanta su daga ofis, RS485 a gudun bit 9600 a daƙiƙa shi ne abin yi, guntunsa arha ne, kuma ɗan abin da ke juya USB zuwa RS485 ba shi da wuyar samu a kasuwa.

Yanzu ga ainihin abin da nake zaton ya hana naka aiki. Duk kyan ISO 11898, bai ce 0x351 na nufin kaza ba. Ya ce ga yadda za a kai bayit 8 lafiya, abin da ke cikinsu ba ruwansa. A manyan motoci an zauna an yi J1939, a injinan masana'anta akwai CANopen na ƙungiyar CiA da aka kafa a Jamus a 1992, a jiragen ruwa akwai NMEA 2000, duk an yarda kan ma'ana. A batir ɗin gida kuwa abin da ya faru shi ne tsarin wasu kamfanoni ya yi farin jini sauran suka bi, shi ya sa a menu na inbata za ka ga ana cewa ka zaɓi furotokol, wato tsarin ma'anar saƙo, kuma na Pylontech ne ya fi yawo. A cikinsa 0x351 yana ɗauke da bolt ɗin caji da iyakar amfiya na caji da na ja, 0x355 yana ɗauke da kason cajin da ya rage da lafiyar batir, 0x356 kuma bolt da amfiya da zafi na wannan lokacin. In batir na so a caja shi zuwa 53.2 sai ya tura 532, a lissafin kwamfuta 0x0214, kuma ƙaramin bayit ke fara tafiya, wato 14 sannan 02. Inbatar da aka saita a wani furotokol daban za ta karɓi waɗannan bayit ɗin daidai ba kuskure ko ɗaya, ta kuma kasa sanin me ake ce mata. A ɓangaren Modbus ma haka ne, ya ce lambar aiki 03 na nufin karanto min rajista, wato gurbin da na'ura ke ajiye bayani, amma wace rajista ce ke riƙe da kason caji, kowane kamfani da tasa taswirar. Akwai SunSpec da aka kafa a 2009 don a daidaita wannan a kayan sola, an samu ci gaba a manyan inbatoci, amma kar ka ɗauka duk ƙaramar inbata ta bi.

Sai maganar fil, wadda ita ta fi cin mutane. Ramin RJ45 ne amma ba intanet ba ne, aron kan kawai aka yi don yana da arha kuma kowa na da abin matse shi. Kar ka kuskura ka cusa shi a rauta ko suwic, musamman irin masu tura wuta ta kebul don kyamara ko eriya. Pylontech da Deye suna sa CAN-H a fil na 4, CAN-L a na 5, wato in ka matse a tsarin T568B shuɗi da fari-shuɗi ke nan. Victron kuma nasu H yana 7, L yana 8, fari-ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, shi ya sa suke sayar da kebul na musamman. To ka ga kebul miƙaƙƙe zai yi tsakanin wasu, tsakanin wasu kuma sai ka matse kai biyun daban. RS485 ya ma fi rikici, wani 1 da 2, wani 7 da 8, wani daban, ga kuma tsohuwar matsalar nan ta cewa abin da wani kamfani ya kira A wani B yake kiransa. Daɗin abin juya A da B ba ya ƙona komai, in bai yi ba ka musanya ka gwada.

Ga yadda zan bi da a ce ni ne a wurin. Buɗe littafin batir da na inbata a shafin da aka zana fil takwas ɗin nan, ka rubuta su gefe da gefe a takarda kafin ka taɓa abin matsi, ka jona H da H, L da L, da GND, wato wayar ƙasa, in duka biyun sun nuna shi, sauran wayoyin ka bar su ba a jone ba don wani ramin yana da wani abu daban a kansu. Kashe komai, ka sa mitar gwajin wuta a om tsakanin H da L. In ka ga wajen 60 to rizista mai om 120 tana kowane ƙarshe, daidai ke nan. In 120 ka gani ɗaya ce kawai, a gajeren kebul sau da yawa yana tafiya a haka amma ka duba ko akwai makunni ko ɗan toshi na rufe layi. In ka ga 40 an yi uku, cire ɗaya. In mita ba ta nuna komai ba to ko dai fil ɗin ba su ba ne, ko matsin bai kama ba, ko kuma babu rizista ko ɗaya a layin. Bayan nan ka tabbatar batir ɗin da kebul ya fito daga jikinsa shi ne aka saita a matsayin na farko in suna da yawa, ka shiga menu na inbata ka sa nau'in batir a litiyom, ka zaɓi furotokol ɗin da batir ɗinka ke yi, wasu baturan ma sai ka shiga manhajarsu ta waya ko allonsu ka zaɓi sunan inbatar a can. Kuma kar ka kwantar da wannan kebul a bututu ɗaya da manyan wayoyin wuta.

Ra'ayina kan wanda za ka zaɓa: in duka biyun suna cikin jerin da kamfanin inbata ya ce ya gwada da batir ɗinka, ɗauki CAN, don batir ne da kansa ke turo iyakarsa kusan kowane daƙiƙa ba sai an tambaye shi ba, kuma a zafin Afrilu da Mayu irin namu lokacin da BMS, wato na'urar da ke kula da batir daga ciki, ke son a rage amfiyar caji wannan yana da amfani. Ka bar ramin RS485 don duba batir a kwamfuta ko jona mita. In kuwa a jerin an rubuta RS485 kawai a gaban sunan batir ɗinka, to bi shi, kar ka tsaya jayayya da littafi, ka dai daidaita gudun, 9600 ne ko 115200, don in ɗaya na wannan ɗaya na wancan ba za su taɓa jin juna ba. In babu sunan batir ɗin a jerin gaba ɗaya, sai ka koma saitin hannu ka shigar da bolt ɗin caji da na yankewa kamar yadda takardar batir ta ce, zai yi aiki, sai dai kason da inbata za ta riƙa nunawa kintace ne, don litiyom irin wannan bolt ɗinsa kusan a tsaye yake daga kashi 20 har zuwa 80.

Turo mana hoton shafin fil na littattafan biyu da sunan samfurin kowanne, sai mu ga ko miƙaƙƙen kebul ne ko sai an sake matse kai ɗaya.