Gargaɗi ga 'yan uwa na Jidda kan wani mai sayar da murjanin rini

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da kewaye. Dan Allah duk wanda yake da sha'awar ajiye haud na ruwan gishiri, wato akwatin gilashi na kiwon halittun teku, a gida, shi ko iyalinsa, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko riyal ɗaya. Akwai wani mutum da yake tallar murjani mai rai a Snapchat da gurup-gurup na WhatsApp, yana jin Hausa raɗau kuma da Hausar yake kama mutane. Ba zan sa suna ba don sunan da ya ba ni daban, wanda ya ba abokina daban, lambar waya ma ya canza sau biyu a iya sanina. Salonsa ne bai canza ba, shi zan faɗa muku.

Ni 'yata ce ta ja ni cikin harkar. Mun kai yara Fakieh Aquarium a bakin Kurnish, tun daga ranar yarinyar nan ba ta da magana sai teku a cikin gilashi, ni ma gaskiya abin ya shiga raina don na taɓa kiwon kifin ruwan daɗi shekaru. Ana cikin haka na ga bidiyon mutumin nan, ƙaramin haud lita 60, murjani ja da ruwan hoda da rawaya suna ta lilo cikin shuɗin haske, wallahi kamar lambu. Na yi masa magana ya ce “Alhaji ai ka zo gida, ɗan uwa ba ya cutar ɗan uwa a ƙasar mutane.” Komai da komai riyal 1,800, gilashi da fitila da famfo da dutse da murjani guda 7, kuma a cewarsa rana ɗaya zai haɗa a zuba komai a wuce wurin. Ya nemi arbun, wato kafin alƙalami, rabin kuɗi, asusun da ya turo sunan wani ne daban, ya ce na kafilinsa ne, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Na tura.

Ya zo da daddare bayan isha'i da jarkoki uku na ruwa, ya haɗa, ya kunna shuɗiyar fitila ya kashe ta falo, yara suna ta murna. Ya ce kar in kunna farin haske wai yana ƙona murjani. Ya ce in ruwa ya ragu in ƙara da ruwan tekun da yake kawowa, jarka riyal 25. Na tambaye shi maganar zafi ya ce ai 'yan Bahar Maliya ne sun saba, ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba sa buƙata.

Kwana 5 jan nan mai kama da bishiya ya fara sunkuyar da kai. Kwana 9 mai rawayan ya fara fitar da wani yauƙi ruwan ƙasa, in ka ɗaga murfin haud ɗin wari ya buge ka kamar na kifin da ya kwana a rana. Na kira shi ya ce laifin gidana ne akwai turaren wuta da yawa, amma akwai magani daga waje, wata 'yar kwalba mai ruwa shuɗi ba rubutu a jikinta, riyal 500. Na saya na ɗiga kamar yadda ya ce. Washegari dodon koɗi guda huɗu da ke lasar gilashin haud ɗin duk sun faɗo ƙasa sun mutu. Na sake kira, shiru, daga baya ma ya toshe ni.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne da muke sallah masallaci ɗaya, Bahaushe haifaffen Bur Sudan, ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa a Abhur yana fita da masu nutso. Na roƙe shi ya zo ya duba. Da shigarsa ya ce “ɗana kashe shuɗin nan ka kunna fitilar ɗaki.” Ina kunnawa sai na ga rabin kyan ya tafi. Ya sa safar hannu ya ciro mai rawayan ya saka a farar roba da ruwan haud ɗin, ya ɗan girgiza, muna tsaye muna kallo ruwan ya fara komawa rawaya-rawaya kamar an jiƙa sabon yadi mai zuba. Rini ne. Ya nuna min yadda launin ya tafi bai ɗaya tun daga gindi har sama ba inda ya fi wani duhu, ya ce halittar Allah ba ta zuwa haka. Sannan ya juya gindin wani mai tauri ya nuna min inda aka sare shi, sabon sara fari fat da shatar kurfi a jiki.

Ku gane, murjani dabba ce ba fure ba, kuma yawancinsu akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani da suke zaune cikin naman jikinsu, su ke amfani da haske su samar masa da abinci, su ne kuma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore. In ya wahala da zafi ko doguwar tafiya sai ya fitar da su ya koma fari, wato yana bakin mutuwa da yunwa kenan. To irin wannan farin da ba wanda zai saya shi ake tsomawa a rini a sayar wa wanda bai sani ba. Ka biya kuɗi mai yawa kan abin da ya riga ya kama hanya.

Jan mai kama da bishiya shi ba rini ba ne, launinsa ne na gaskiya, amma nan ma yaudara ce. Sunansa Dendronephthya, ku rubuta ku duba hotonsa, yana da yawa a Bahar Maliya. Shi ba shi da waɗancan tsirran a jikinsa sam, haske ba ya ciyar da shi, sai ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawo masa dare da rana. Ƙwararru ma masu manyan haud da kayan aiki yana mutuwa a hannunsu, shi ne mutumin nan yake cewa na masu farawa ne.

Maganar haɗa komai a rana ɗaya ita ma ƙarya ce. Sabon haud sai ya zauna da ruwa da dutse kawai kamar sati 4 zuwa 6, ƙwayoyin bakteriya masu amfani su yaɗu su riƙa mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin halittun ruwa, zuwa naitirait sannan naitiret, ana gwadawa har a ga amoniya da naitirait sun koma sifili, sannan a fara sa abu mai rai ɗaya-ɗaya. Shi ya san in ya ce maka ka jira wata guda za ka samu lokacin tambayar wasu.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta jarkar ruwa. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. In haud ya ragu ruwan daɗi tatacce ake ƙarawa, wanda ya bi ta injin tacewa na RO, ba ruwan wayit da tankar ruwa ke kawowa ba kuma ba ruwan teku ba. Ga shi Bahar Maliya dama gishirinta ya fi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a lita, alhali abin da ake so a haud wajen 35 ne, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. Ni kuwa kullum ina ƙara gishiri kan gishiri da hannuna ina biyan kuɗi. Da na kai ruwan wani shagon kifi aka auna 1.033 ya nuna. A nan ne kuma suka gwada suka ga jan ƙarfe a ciki, ashe shuɗiyar kwalbar maganin ƙurajen kifi ne aka juye aka cire takarda, kuma jan ƙarfe guba ne ga murjani da dodon koɗi da jatan lande, har cikin dutse yake shiga ya zauna. Dutsen gaba ɗaya sai da na zubar.

Zafi kuwa kun san Jidda. Ana son ruwan ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, lita 60 kuma ba teku ba ce, in aka kashe mukayyif aka fita aiki kafin la'asar ya haura 30.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Saran nan da dattijon ya nuna min yana nufin daga teku aka fasa shi. Cire murjani daga teku laifi ne a dokar muhalli ta ƙasar nan kuma akwai tara, tun 2021 ma aka kafa hukuma ta musamman, SHAMS, don kare murjani da kunkurun Bahar Maliya, sannan murjani mai tauri duk yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ba a shigo da shi sai da takarda. Mu da muke zaune da igama, wato takardar izinin zama, ba mu da ƙarfin a same mu da irin wannan kaya a falo ba rasit ba komai, shi kuma wanda ya kawo ya ɓace. Wanda aka raina a haud za ka gan shi ɗan ƙarami a manne kan wani ɗan faifai kamar maɓalli, naman ya fara rufe bakin faifan.

In har za ku saya, ku je shago mai rajista ku gani da idonku cikin farin haske, ku karɓi fatura wato rasit, ku fara da masu haƙuri irin masu kama da laimar kwaɗi da masu kama da fata. Kar ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, zuwa yanzu mu huɗu ne na sani har da wata baiwar Allah a Makka da ta tara kuɗin aikatau ta saya wa ɗanta, dan Allah kar ku goge hirarku da shi, ku ɗauki hoton rasit ɗin tura kuɗin da bidiyon tallarsa. Ku sanar da bankinku, ku shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn, akwai kuma layin ma'aikatar kasuwanci 1900. Ni na shigar da tawa. Kuma wajen zubar da dutsen ku sa safar hannu, kar ku kankare shi da hannu tsirara kar kuma ku zuba masa tafasasshen ruwa, wasu ƙananan murjanin masu kama da maɓallai suna da dafi mai tsanani da ke bin tururi ya shiga ƙirji, ku fitar da yara daga wurin.

Nawa haud ɗin na wanke shi na sa sabon dutse da ruwan da na haɗa da kaina, yau kwana 12 ba komai a ciki sai famfo yana juyawa. 'Yata ce ke riƙe da littafin gwaji, duk bayan kwana biyu tana rubuta lambar amoniya.