WhatsApp, Telegram ko Google Classroom: ina zauren malamai zai zauna?

Malama, na ga tambayarki. Kin ce bayan bitar da aka yi muku, ku malaman lissafi na firamare, kun buɗe zaure a WhatsApp don ku ci gaba da taimakon juna. Yanzu zauren ya cika da barka da Juma'a, ta'aziyya da tallan atamfa, duk tsarin darasin da aka turo ya nutse. Wasu na cewa a koma Telegram, wasu na cewa Google Classroom, ke kuma kina son sanin wanne ya fi.

Ra'ayina a taƙaice: kada ku tashi daga WhatsApp, amma ku daina ajiya a cikinsa. Abubuwan nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba. WhatsApp majalisa ce ta ƙofar gida, Telegram rumbu ne, Classroom kuwa aji ne mai rajista da jan biro. Bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Mu fara da abin da ya fi damunki, wato ɓatan kaya. A WhatsApp duk abin da aka turo yana zaune ne a cikin wayar kowa. Malamin da ya canza waya bai yi ajiyar hirarsa ba ya rasa komai. Wanda bai sauke fayil da wuri ba, bayan wani lokaci sai manhajar ta ce masa ya nemi mai turowa ya sake turowa. Sabon shiga kuma ba ya tarar da tarin abin da aka yi shekara ana turawa. Ga memori: bidiyo biyar na wa'azi da uku na biki, sai wayar ta fara kuka, malami ya shiga goge-goge, ya haɗa da jadawalin zango na biyu bai sani ba.

Telegram ya bambanta tun daga tushe. Kayan suna zaune a rumbunsu na intanet, ba a wayarki ba. Kina iya share komai daga memori, gobe ki sake saukewa. Idan shugaban zaure ya buɗe tarihin hira, malamin da ya shigo yau zai ga takardar da aka ɗora bara. Fayil ɗaya yana iya kai gigabayit 2, kamar dai WhatsApp tun 2022, sai dai nan ba ya tsufa. A 2022 ɗin ne kuma suka kawo tsarin raba zaure ɗaya gida-gida, kowane batu da ɗakinsa: aji huɗu nan, aji biyar can, tambayoyin jarrabawa a wani ɗakin. Suna da gwaji mai zaɓin amsa tun 2020, wanda da an danna yake nuna daidai ko kuskure har da ɗan bayani. Zaurensu yana ɗaukar mutum 200,000, na WhatsApp 1,024, amma wannan ba abin dubawa ba ne a wajenku, ba ku kai ko kusa ba.

To me ya hana a kwashe kowa a koma can? Sabo. Mun taɓa gwadawa a namu zauren. Aka yi sanarwa, aka tura mahaɗi, aka rufe tsohon. Waɗanda suka bi mu ba su kai rabi ba, kuma dattawan cikinmu, masu shekara ashirin da ɗoriya a gaban allo, waɗanda don a ji ta bakinsu aka buɗe zauren tun farko, su ne suka fara ɓacewa. Ba wai ba su da manhajar ba. Mutane da yawa sun sauke ta a 2024 lokacin danne-dannen wasan Hamster Kombat na cikin Telegram, da abin ya lafa ba su sake leƙawa ba. Malami yana buɗe WhatsApp sau da yawa a wuni saboda iyalinsa da hedimasta da 'yan adashi duk suna nan. Telegram sai ya yi niyya. Bayan wata biyu muka dawo da kunya.

Sai batun data, wanda a ƙarshen wata shi ne alƙali. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, malamai da yawa suna rayuwa ne a kan ɗan ƙunshin nan mai arha na WhatsApp da Facebook. Wannan ƙunshin ba ya buɗe Classroom, ba ya buɗe Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google. Kafin a yanke shawara ki tambayi mutanenki irin datar da suke saya, amsar za ta rage muku gardama. Kuma abin da na kira aibin WhatsApp ɗazu yana da ranarsa: abin da ya sauka a waya ya sauka. Malaman Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato sun ga haka a 2021 da aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ranar da babu sabis, rumbun intanet rumbu ne da aka jefa mukullinsa a rijiya.

Google Classroom kuwa, wanda ya fito a 2014 aka buɗe wa masu Gmail na kansu a 2017, yana yin abin da sauran biyun ba su iya ba. Kina ba da jinga, ki sa ranar rufewa, ki ga wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, ki ba da maki, ki rubuta wa mutum gyara shi kaɗai ba a gaban jama'a ba. In kwas kuke yi mai mako shida da takardar shaida a ƙarshe, kuma akwai mai horarwa guda da ke duba aiki, babu kamarsa. Amma an gina shi ne a kan malami da ɗalibi. Ku kuwa tsara ne, abokan aiki. Wa zai zama malam, wa zai zauna a benci? Kuma wuri ne marar hira, mutum ya shiga ya ajiye ya fita kamar ofishin biyan haraji.

Akwai kuma tarnaƙin da ba a faɗa a wajen bita. Shiga Classroom sai da Gmail. Kusan duk mai wayar Android yana da shi, amma tambayi kalmar sirrin ki ji. Yaron shagon da ya sayar da wayar ne ya buɗe, ya rubuta a bayan kwali, kwalin kuma yara sun yi mota da shi. Ki ware wuni guda don wannan kaɗai in kun zaɓi hanyar.

Abin da na fi so a gidan Google ba Classroom ba ne, Docs ne, wato manhajarsu ta rubuta takarda, da Drive. Ki tuna yadda ake haɗa tambayoyin jarrabawar zango a WhatsApp: wannan ya turo, wancan ya gyara ya sake turowa, sai ga "na ƙarshe", ga "na ƙarshe 2", ga "na ƙarshen ƙarshe", ranar bugawa a kai wa mai kwamfuta wanda ba shi ba. A Docs takarda ɗaya ce, mutum goma suna rubutu a cikinta lokaci guda, ana ganin wanda ya canza me, kuma in wani ya yi ɓarna ana iya komawa yadda take jiya. Telegram bai da wannan, WhatsApp ma haka. Kowane asusun Google yana da gigabayit 15 kyauta, wanda in takardu ne zalla zai daɗe bai cika ba. Gaskiya guda: rubuta lissafi mai sulusi da rubu'i a Docs ta waya aiki ne mai cin rai. Mu dai da hannu muke rubutawa, mu ɗauki hoto mai haske mu liƙa.

Maganar sirri ta fi shafar ku mata. A zauren WhatsApp na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa, kuma kin san abin da ke biyo baya: sallamar tsakar dare daga wanda ba a sani ba. A Telegram ana iya ɓoye lamba a bar suna kawai. Ta ɗaya gefen kuma, hirar WhatsApp a kulle take daga waya zuwa waya tun 2016, zaurukan Telegram ba su da irin wannan kullin. Ko ma ina kuka zauna, a daina ɗora takardar sakamako mai sunayen yara, ko hoton yaro ana nuna kuskurensa. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka, ɗan wani ne. A rufe sunan kafin a ɗauki hoton littafin.

Taro kai tsaye ba zan daɗe a kansa ba. Kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, Google Meet na kyauta mutum 100 na awa guda, Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Da irin sabis ɗinmu rabin lokacin yana tafiya a "kuna ji na?" Saƙon murya na minti uku ya fi min su duka: malama ta saurara tana girki, ta maimaita inda ba ta gane ba, ta ba da amsa bayan isha'i.

Ga yadda zan yi da a ce ni ne ke riƙe da zaurenku. Ku raba shi biyu a ƙarƙashin tsarin Communities da WhatsApp ya kawo a ƙarshen 2022, ɗaya na aiki, ɗaya na zumunci. Kada ki hana ta'aziyya da barka, su ne igiyar da ta ɗaure tsintsiyar, a dai ba su ɗakinsu. A na aikin ku sa rana guda a mako da batu guda, misali yadda ake koyar da rabawa mai saura a aji huɗu, mutum ɗaya ya kawo yadda ya yi a ajinsa har da inda yaran suka maƙale, sauran su tofa. Ranar Asabar wani ya tsince abin da ya yi amfani ya kai rumbu, ya sa mahaɗin a bayanin zaure, ya kuma kafe shi a sama. Kafewar ba ta wuce kwana 30, sai an riƙa sabuntawa.

Rumbun wanne? In bidiyo da sauti suka fi yawa, tashar Telegram. In takardun da ake gyarawa tare ne, Drive. Ku da ke lissafi ina ganin Drive ne. Sai dai kada a buɗe shi da imel ɗin mutum ɗaya. A buɗe sabo da sunan zauren, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, ɗaya mace ɗaya namiji in zai yiwu, a rubuta ta a littafi. Namu na farko yana hannun wani abokin aiki da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma, ya canza layi, har yau tambayoyin zango uku suna can a kulle.