Ali, Tyson da Mayweather: wa ke gaba, kuma da wane ma'auni?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: Floyd Mayweather ya yi dambe 50 ba a taɓa doke shi ba, Mike Tyson kowa ya san yadda yake kwantar da mutane tun a turmin farko, Muhammad Ali kuwa an doke shi har sau biyar, to me ya sa kullum Ali ake sa wa a gaba? Amsar a taƙaice, masana damben zamani ba sa tsayawa ga yawan nasara. Suna duba su wa mutum ya doke, a wane hali ya same su, sannan me ya yi bayan ranar da shi ma ya sha kashi. Da wannan ma'aunin Ali na gaban su biyun, amma akwai wanda galibin masanan ke ɗorawa sama da Ali, kuma ba ya cikin waɗanda ka ambata.

Ga alƙaluman tukuna. Ali ya ci 56, an doke shi 5, ya gama da 37 kafin lokaci ya cika. Tyson ya ci 50, an doke shi 6, ya kashe 44, in ba a lissafa wasan da ya yi da Jake Paul a 2024 yana ɗan shekara 58 ba. Mayweather ya ci 50, babu rashin nasara, ya kashe 27.

Sai dai kar a haɗa su wuri guda. Ali da Tyson 'yan ajin masu nauyi ne, kowannensu yana kusan kilo 100 ranar dambe. Mayweather ya fara cin kambu a kilo 59, bai wuce ajin kilo 70 ba. Don haka Ali da Tyson ne kaɗai za a iya tambayar wa zai doke wani. Da Mayweather sai dai a kwatanta gwaninta da darajar abokan karawa.

Tyson ya ɗauki kambun WBC, ɗaya daga cikin hukumomin damben duniya masu raba kambu, a Nuwamban 1986 daga hannun Trevor Berbick a turmi na biyu, yana ɗan shekara 20, kuma har yau babu wanda ya yi haka a ajin masu nauyi da ƙarancin shekaru irin nasa. Kafin ƙarshen 1987 ya haɗa da na hukumomin WBA da IBF. A Yunin 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Salon da malaminsa na dambe Cus D'Amato ya ɗora shi a kai shi ne sirrin: hannaye biyu a kumatu, kai ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya sunkuya ya kutsa ƙarƙashin naushin dogon mutum, ya buga haƙarƙari, sannan ya ɗago da naushin ƙasa zuwa haɓa. Tsawonsa santimita 178 ne kawai, gajarta ce a wannan ajin, amma ya mayar da ita makami. Matsalar salon ita ce yana cin ƙafa da numfashi, kuma yana buƙatar atisaye kullum. D'Amato ya rasu a 1985, an sallami kocinsa Kevin Rooney a 1988, daga nan kaɗa kan ya ragu, ya koma neman naushi ɗaya mai kisa.

Abin da ya biyo baya shi ke rage masa maki. A Tokyo, Fabrairun 1990, Buster Douglas, dogo mai dogon hannu, ya riƙa tsayar da shi da naushin hannun gaba, in ya matso ya rungume shi. Idon Tyson ya kumbura, mutanen kusurwarsa ba su ma zo da ƙarfen sanyi da ake danne kumburi da shi ba, safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara. Tyson ya kayar da Douglas a turmi na takwas, ya tashi, ya kashe Tyson a na goma. Bayan zaman gidan yari daga 1992 zuwa 1995, Evander Holyfield ya doke shi a 1996, a karawa ta biyu a 1997 ya ciji kunnen Holyfield aka kore shi, Lennox Lewis ya kwantar da shi a turmi na takwas a 2002. Manyan zamaninsa biyu ke nan, bai ci ko ɗaya ba. Sunaye mafi girma da ya doke su ne Larry Holmes, wanda ya dawo daga ritaya yana da shekara 38, da Spinks, wanda asalinsa ɗan ajin ƙasa ne ya hau sama. Kuma duk wanda ya doke Tyson, Tyson bai taɓa ramawa ba. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yanzu dubi jerin Ali. Ya karɓi kambu a 1964 yana ɗan shekara 22 daga Sonny Liston, wanda a lokacin ake tsoronsa kamar yadda aka ji tsoron Tyson daga baya. A 1967 aka ƙwace kambun aka hana shi dambe saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam. Bai sake hawa fage ba sai Oktoban 1970. Wato shekaru uku da rabi, daga yana 25 zuwa 28, lokacin da ɗan dambe ke kan ganiyarsa, sun tafi a banza. Da ya dawo ƙafarsa ta rage sauri, kuma a wannan halin ne ya tarar da ajin masu nauyi cike da zaratan da ba a taɓa tara irinsu lokaci guda ba.

Joe Frazier ya doke shi da maki a Maris 1971, har ya kai shi ƙasa a turmi na 15. Ali ya rama a 1974, ya sake cin sa a Manila a 1975, inda kocin Frazier ya hana shi fitowa turmi na ƙarshe. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, bayan wata shida ya rama. Sai George Foreman a Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. Foreman na da shekara 25, dambe 40 ba a doke shi ba, kuma ya riga ya gama da Frazier da Norton kowanne a turmi na biyu, mutanen da suka doke Ali. Ali na da 32. Ya ga ba zai iya zagaye fage turmi 15 ba, sai ya jingina da igiya, ya kare kai da damatsa, ya bar Foreman yana dukan hannu da ciki, yana riƙo masa wuya yana danna shi, yana sakar masa naushi a fuska a ƙarshen kowane turmi. A na takwas Foreman ya gaji likis, Ali ya kwantar da shi. Cikin rashin nasararsa biyar, ya rama uku har da na Leon Spinks a 1978. Biyun da suka rage, Holmes a 1980 da Berbick a 1981, sun zo ne yana 38 da 39, jiki ya riga ya tafi.

Ba wai Ali ba shi da aibu ba. Yana sauke hannu, yana ja da baya kai tsaye maimakon kaucewa gefe, kuma ba ya dukan ciki sosai. Lanƙwasasshen naushin hagu shi ne maganinsa: da shi Sonny Banks ya kayar da shi a 1962, Henry Cooper a 1963, Frazier a 1971. Tyson kuwa yana da wannan naushin, don haka turmi huɗu na farko da Tyson na 1988 haɗari ne ga Ali. Amma Ali ya fi shi tsawo da santimita 13, hannunsa ya fi tsawo, ya iya runguma, kuma duk sau ukun nan ya tashi. Irin abin da Douglas da Holyfield suka yi wa Tyson, Ali ya fi su iya shi. In damben ya wuce turmi shida, na Ali ne.

Mayweather kuma fa? Wajen kare kai da wuya a sami kamarsa. Yana ɗaga kafaɗar hagu ya rufe haɓa, hannun hagu a ciki, na dama a kumatu, naushi ya zame ta kan kafaɗa, shi kuma ya mayar da dama nan take. Ya ci kambu a aji biyar. Wanda ke son ganin ainihinsa ya nemi karawarsa da Diego Corrales a 2001, inda ya kayar da shi sau biyar. Abin da ake riƙe masa shi ne lokacin da yake zaɓa. Oscar De La Hoya na da 34 a 2007, kuma alƙali ɗaya cikin uku shi ya ba wa. Shane Mosley na da 38. Canelo Alvarez na da 23 a 2013, kuma an sa masa sharaɗin rage nauyi ƙasa da iyakar ajin. Karawa da Manny Pacquiao da ake jira tun 2010 ba ta faru ba sai 2015, bayan Juan Manuel Marquez ya riga ya sumar da Pacquiao. Na 50 ɗin ma da Conor McGregor ne, wanda bai taɓa damben ƙwararru ba. Sannan mutane da dama na ganin Jose Luis Castillo ne ya ci karawarsu ta farko a 2002, ko da yake Mayweather ya sake fuskantarsa a shekarar ya ci babu gardama. Gwani ne na gaske, sai dai bai taɓa shiga fage a matsayin wanda ake ganin za a halaka ba, kamar Ali gaban Liston da Foreman.

In da rashin faɗuwa ne ma'auni, da Rocky Marciano, mai 49 babu ko ɗaya, shi ne sarkin masu nauyi, alhali sau shida kawai ya kare kambunsa. Namu Dick Tiger kuwa an doke shi sau 19, amma ya riƙe kambun duniya a aji biyu, ya kare ɗaya a Ibadan a 1963 gaban Gene Fullmer, kuma yana cikin waɗanda aka karrama a zauren manyan 'yan damben duniya.

Wanda ke saman jerin shi ne Sugar Ray Robinson. Mujallar The Ring a 2002 ta jera shi na ɗaya, Henry Armstrong na biyu, Ali na uku, Joe Louis na huɗu. Robinson ya yi dambe kusan 200 daga 1940 zuwa 1965. Daga 1943 zuwa 1951 ya yi 91 a jere ba a doke shi ba. A Fabrairun 1943 Jake LaMotta, wanda ya fi shi nauyi, ya doke shi, bayan mako biyu ya yi dambe da wani, mako ɗaya bayan nan ya koma ya doke LaMotta. Ɗan damben yau in ya yi biyu a shekara ya yi ƙoƙari. A zamaninsa aji takwas ne kawai kuma galibi zakara ɗaya a kowanne, yau aji 17 ne da hukumomi huɗu masu raba kambu, damben kambu kuma a lokacinsa turmi 15 ne, ba 12 irin na yau ba. Cikin rashin nasararsa 19, 16 sun zo ne bayan ya dawo daga ritaya a 1955. Masu suka na cewa da yawan abokan karawarsa 'yan cike gurbi ne, bai haɗu da Charley Burley, wani gwanin ɗan dambe na zamaninsa, ba, kuma hotunan damben da ya yi a ajin kilo 67, inda ya fi ƙwarewa, kaɗan ne suka rage. Duk gaskiya ne, amma ba su kai su sauke shi ba.

A ajin masu nauyi, mai ja da Ali da hujja Joe Louis ne, ba Tyson ba. Ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, kuma Max Schmeling da ya kashe shi a 1936, ya rama a 1938 tun a turmin farko. Louis ya fi Ali daɗewa a kan kambu da tsabtar naushi. Abin da Ali ya fi shi shi ne cikin waɗanda Louis ya kare kambunsa a gabansu babu kamar Liston, babu kamar Frazier, babu kamar Foreman.