Giverny ko Orangerie: ina za a fi ganin Monet?

Masu zuwa Faris suna yawan tambayata: mai kwana ɗaya kacal, gidan Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, zai nufa ko gidan tarihi na Orangerie?

A ƙauyen Giverny ne Monet ya zauna daga 1883 har rasuwarsa a 1926. Shi ya sa aka haƙa tafki a lambunsa, ya shuka bado, aka ɗora gada irin ta Japan. Sai dai zuwa can na cin kuɗi da lokaci: jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare zuwa Vernon, kusan awa guda, sannan bas. Da hunturu a rufe yake, badon kuma sai tsakiyar shekara yake fure. Abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba, zanen Monet da ke rataye a gidan kwafi ne.

Orangerie kuwa tsakiyar Faris yake, cikin lambun Tuileries. Manyan zane takwas na badon sun zagaye ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, an buɗe su a 1927. Monet ya yi aikinsu cikin tsufa, yanar ido na damunsa. Matsa kusa, dagwalon fenti kawai za ka gani. Ja da baya, sai ruwa ya bayyana. A ganina nan ne gwanintarsa take. A kiyaye, ba sa buɗewa ran Talata, kuma akwai cunkoso.

Ɗalibin zane da mai ƙarancin lokaci, Orangerie ya ishe su. Mai son lambu da ya zo tsakanin Yuni da Agusta da yini guda a hannu, ya kama hanyar Giverny.