Finafinan fadar Sin a shagon turi: abin da ke cikin katin da abin da fassara ta cinye

A wani shagon turin finafinai da ke daf da babbar kasuwar Maraɗi, tambayar farko da yaron shago ke yi wa duk wadda ta miƙa salula ita ce, "Hajiya, na soyayya ko na yaƙi?" A kwamfutarsa kuwa jaka guda ce aka rubuta wa "Tarihin Chana", aka zuba komai a ciki. Shagon yana da kaya, kuma turinsa da sauri. Matsalarsa ita ce bai san bambancin abin da yake sayarwa ba, kuma fassarar Hausar da yake tallatawa tana zubar da rabin ma'anar labarin.

Mu fara da kayan aiki. Kowane kashi yana cin kusan minti 45. Idan aka matse hoton yadda ƙaramar salula za ta ɗauka, kashi ɗaya kan kai mega 150 zuwa 200, wato Story of Yanxi Palace mai kashi 70 zai cinye abin da ya kai giga 14. Katin memuwar mai giga 32 ba zai ɗauki fiye da dogayen finafinai biyu ba. Duk wanda ya ce ya zuba miki biyar a ciki, to ya matse hoton har rubutun ƙasa ba ya karantuwa, ko kuma katin jabu ne: yana nuna giga 32, sunayen kashi-kashi duk suna nan, amma na ƙarshe-ƙarshe ba sa buɗewa. Kafin ki biya, ki buɗe kashi na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, a salularki ba a kwamfutarsa ba. Wasu an matse su da tsarin H.265, wanda tsofaffin salula kan ba da murya hoto ya tsaya cak. Manhajar kallon bidiyo ta VLC kan magance wannan a wasu lokuta, idan bai yi ba a ce ya sake turo na H.264. Lambobi kuma su zama 01, 02, 03, in ba haka ba wasu salula kan jera kashi na 10 a bayan na 1.

Sai fassara. Shagon yana da iri biyu: mai rubutun Faransanci a ƙasa, da wadda aka ɗora muryar Hausa. Ta Hausar tana da daɗin ji, mai fassarar ya iya habaici, amma kowace mace a gidan sarki sunanta "gimbiya" ko "amarya". A nan ne aka yi asara. A daular Qing, wadda ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, matan sarki a jere suke hawa-hawa kuma da adadi: uwargida ɗaya, mai bi mata ɗaya, sai biyu, sai huɗu, sai shida, sannan matakai uku na ƙasa da ba a ƙayyade yawansu ba. Matsayi shi ke yanke kuɗin shekara, da yawan kuyangi, da wanda zai durƙusa wa wani. Mutumin Maraɗi bai buƙatar dogon bayani a kan wannan: ya san Iya ba jakadiya ba ce, ya san Ƙaura da Galadima kowa da mazauninsa a fada. Hausa tana da kalmomin, uwargida, sa-ɗaka, kuyanga, jakadiya, baba (dandaƙaƙƙen bawan fada), amma mai fassarar bai taɓa su ba. Sai ka ga mace ta mari wata, aka yi mata hukunci mai tsanani, mai kallo ya ɗauka kishi ne kawai, alhali laifin shi ne ta ɗaga hannu a kan wadda ta fi ta da mataki biyu. Idan aka cire matakan, abin da ya rage faɗan kishiyoyi ne cikin tufafi masu tsada.

A cikin jakar, uku ne suka fi fita, kuma kowanne da yadda ya auna tarihi da soyayya.

Yanxi Palace na 2018 ya gina labarinsa a kan mace ta gaske, wadda ta fito daga gidan Wei, zuriyar barorin fada, ta hau har matakin da ke bin uwargida a 1765 zamanin sarki Qianlong. Ta rasu a 1775, ɗanta ya hau mulki a 1796 da sunan Jiaqing. Wannan duk yana rubuce. Fuheng ma mutum ne na gaske, ƙanin uwargidan sarki ta farko, ya rasu a 1770 bayan yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau). Amma soyayyar da ke tsakaninsa da jarumar, wadda ita ke sa mata kwana ba barci, ƙirƙirar marubuta ce. Fim ɗin ya yi dabara: ya bar shekarun haihuwa, da mutuwa, da naɗi a inda suke, ya cusa soyayyar a gurbin da littattafan fada suka yi shiru.

Ruyi's Royal Love in the Palace, kashi 87, shi ma na 2018, sarki ɗaya ne, gida ɗaya, amma an juya tabarma. Uwargida ta biyu, wadda ita ce muguwa a Yanxi, a nan ita ce abar tausayi, jarumar Yanxi kuma ita ce makira. Abin da tarihi ya tabbatar kaɗan ne: a 1765, ana cikin rangadin kudu, uwargidan ta yanke gashinta, abin da a al'adar Manchu, ƙabilar sarakunan Qing, alamar makoki ce, ta faɗi daga idon sarki, ta rasu a 1766 ba a yi mata jana'izar uwargida ba. Dalilinta kuwa kowane fim ya ƙago nasa. Wanda ya kalli biyun a jere zai gane da kansa inda tarihi ya tsaya. Ruyi yana da nauyi, tafiyarsa a hankali, kuma shi ne fassarar Hausar ta fi cuta.

Empresses in the Palace na 2011, kashi 76, ya fi su gwanintar labari kuma ya fi su sakin hannu da tarihi. A ciki masoyin jarumar, ƙanin sarki Yongzheng, ya riga sarki mutuwa. A gaskiya Yongzheng ya rasu a 1735, ƙanin nasa sai 1738. Gwajin da aka nuna a fim ɗin na ɗiga jini a ruwa don gane uban yaro kuwa ba shi da tushe a likitanci, kada wani ya ɗauke shi ilimi. A kula kuma, akwai gajeren da aka yanke wa 'yan Amurka mai kashi 6 kacal, kuma shagon yana da shi a gefen cikakken ba tare da alama ba.

Mai son tarihi tsantsa ya nemi Yongzheng Dynasty na 1999, kashi 44: ambaliya, bashin baitulmali, haraji, rigimar 'ya'yan sarki a kan gado. Soyayya kaɗan ce. Yana cikin kwamfutar shagon, amma sai an ambaci sunansa, don yaron ba ya tallata shi.

Hukuncinmu: shagon ya cancanci zuwa saboda yawan kaya da saurin turi, kuma yana sake tura kashin da ya lalace ba gardama. Wanda ke karanta Faransanci ya ɗauki mai rubutu. Wanda sai Hausa, ya fara da Yanxi, domin ko fassara ta gaza, tufafi da yadda ake gaisuwa suna nuna wa ke gaba da wa. Kuma a zo da kati daga gida, wanda aka riga aka gwada.