Yini guda a Burj Khalifa: abin da na gani daga hawa na 124

Na sha zuwa Dubai saro kaya, amma duk harkokina a unguwar Deira suke ƙarewa, sai dai in hango Burj Khalifa daga nesa kamar allura a tsaye. A zuwana na baya-bayan nan na ware yini guda domin in hau shi, kuma kuɗin da na kashe bai tafi a banza ba.

Na shiga jirgin metro a tashar Union, na sauka a tashar Burj Khalifa/Dubai Mall, sannan na bi wata doguwar gada rufaffiya mai sanyi har cikin kantin Dubai Mall, domin ta can ƙasan kantin ƙofar masu ziyara take. Tsawon gadar ya haura mita 800, saboda haka wanda zai je da dattijo ya sa wannan tattaki a lissafinsa. Kafin a kai ga lif ana ratsawa ta wani zaure mai hotunan yadda aka ɗora ginin tun daga 2004 har aka buɗe shi ranar 4 ga Janairun 2010, da tsayin mita 828, aka kuma raɗa masa sunan Sheikh Khalifa bin Zayed, shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wancan lokaci. Cikin kusan minti guda lif ɗin ya kai mu hawa na 124, kunnuwana suka toshe sai da na haɗiyi yawu.

A barandar wajen, mita 452 daga ƙasa, na fi daɗewa. Dogayen benayen titin Sheikh Zayed da nake ɗaga kai in kalla a kullum, ga su a ƙarƙashin ƙafata, motoci na bin juna a jere kamar tururuwa, teku a gefe guda, rairayin hamada a ɗaya gefen. Ranar akwai ɗan hazo irin namu na hunturu, ya dusashe tsibiran da aka gina a cikin teku.

Lokacin da mutum ya zaɓa ya fi hawan da ya zaɓa muhimmanci. Na sayi tikitin bayan la'asar ta intanet tun kwana biyu kafin ranar. Ya fi na safe tsada, jama'a ma sun fi yawa, amma da shi na ga garin da rana kuma na gan shi da dare. Abin da ya fi ratsa ni shi ne yadda titunan ƙasa suka fara duhu aka kunna fitilu, mu kuwa muna kallon rana ja-wur ba ta gama faɗuwa ba. Wannan ne dalilin da a 2011 wani babban malami a Dubai ya ce mazauna sama da hawa na 80 su jinkirta buɗa-baki da minti biyu, na sama da hawa na 150 kuma da minti uku. Na taɓa jin labarin, amma sai a ranar na fahimce shi da idona.

Ban hau hawa na 148 mai mita 555 ba, domin tikitinsa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ga mai zuwan farko na 124 da na 125 sun wadatar. Da na sauko na yi magariba a masallacin cikin kantin, sannan na tsaya bakin tafkin da ke gindin ginin na kalli ruwan da ake cillawa sama, wanda ya fi ƙayatarwa daga ƙasa fiye da yadda na gan shi daga baranda.